Rahoton ayyukan shekarar karatu ta 2023-2024: shasi uku muka yi kafin robonmu ya miƙe hanya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu, malamanmu, da sauran 'yan'uwa membobin ƙungiyarmu ta ƙera robo na nan Damagaram da waɗanda karatu ko neman abinci ya kai wani gari, barkanmu da ganin sabuwar shekarar karatu.

Lissafin kuɗi ba nawa ba ne, ma'aji zai karanto shi da bakinsa ranar babban taro. Ni abin da hannu ya yi zan kawo. Kuma gara in faɗa tun yanzu, kusan duk rahoton nan a kan shasi yake, wato ƙashin jikin robo da tayoyinsa da injinan da ke tura su, abin da yaranmu ke kira "ƙafafu". Iyaye da dama sun tare ni suna tambaya, ya aka yi watanni suka shuɗe ba su ga komai ba sai wani akwati mai taya yana yawo a tsakar aji? To ga amsar. Gidajen rediyo kan ce mutum-mutumi, amma namu ba kai ba ido, shi ya sa muka bar shi a robo kamar yadda yara ke faɗa.

Kowa ya san halin da muka buɗe shekara a ciki. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka da Najeriya, aka yanke wutar da ke zuwa daga can, kuma ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. Mu kuwa ƙananan kayan lantarkinmu daga Kano muke saro su. Shirin da muka yi na sayen injina da tayoyi na musamman sai ya bi ruwa. Abin da ke cikin akwatinmu a watan Oktoba bai wuce allunan Arduino, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa robo, da ragowar wayoyi da 'yan na'urorin bara ba. Kwamiti ya zauna ya yanke cewa da abin da ke garin nan za a yi aiki, na gareji da na masu gyaran keke da na Kasuwar Dole.

Dokokin gasarmu ta tsakanin makarantu aro muka yi daga FIRST Tech Challenge, ɗaya daga cikin gasannin ƙungiyar FIRST da Dean Kamen ya kafa a Amurka a 1989. A can dole robo ya shiga akwati mai inci 18 ta kowane ɓangare kafin a fara wasa, kusan santimita 45 da ɗigo 7 ke nan, fili kuma ƙafa 12 ne tsawo da faɗi. Mun ɗauki ma'aunin nan biyu. Abin da ba mu iya arowa ba shi ne ƙasan filin. Su shimfiɗar soso suke wasa a kai, mu daɓen siminti ne wanda ko an share da safe, kafin azahar hunturu ya sake yafa masa rairayi.

Shasi na farko

Ƙarfe muka sa mai walda ya haɗa mana, mai kusurwa huɗu, tayoyi huɗu, da injin share gilashin mota guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Injin nan volt 12 yake ci, yana da ƙarfi, kuma a garin nan ba ya wuyar samu. A ido shasin ya yi kyau, har hoto aka yi da shi. Da aka ajiye shi a ƙasa sai ga taya guda tana lilo a iska. Zafin walda ya murɗe ƙarfen. Malaminmu na kimiyya ya ɗauko zare ya auna daga kusurwa zuwa kusurwa kamar yadda magina ke yi wa harsashi, aka ga ɗaya ta fi ɗaya. Muka cusa washa, 'yan zobban ƙarfen da ake sa wa noti, a ƙarƙashi, muka ce ya yi.

Bai yi ba. Ranar gwajin farko robon ya yi gaba lafiya, yaron da ke tuƙi ya danna juyawa, sai ƙauri ya tashi, na'urar L298N da ke raba wa injina wuta ta ƙone a idonmu. Muka sa ta biyu, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Kwana uku ana zargin masu rubuta wa robon umarni a kwamfuta, su kuma suna rantsuwa. Daga ƙarshe wani ɗalibi ya kai injin wurin kawunsa mai gyaran wutar mota. Dattijon ya buɗe murfi, ya nuna wata 'yar waya da bakin sukudireba ya ce, "Yarona, wannan inji ai jikinsa ma waya ne. A mota gefe guda yake juyawa, jikin motar kuma shi ne hanyar komawar wuta. Ku da kuka ɗaura biyu a ƙarfe ɗaya kuna juya musu wuta, me zai hana su haɗu?" Ya yanke wayar daga jikin injin, ya fito da ita waje daban, bai karɓi ko dala ba. Ya ƙara da cewa ko ba wannan, na'urar ta yi wa injin ƙanƙanta. Gaskiyarsa, L298N wutar amfiya 2 kawai take ɗauka ga kowane inji, injin share gilashi kuwa idan ya ciji ya kan ja ninkin hakan sau da yawa. Muka koma wata na'urar da ta fi ta ɗaukar wuta, BTS7960, guda ɗaya ga kowane inji, wadda wani memba ya ba mu daga cikin kayansa, muka kuma sa fiyus kusa da batir. Kuskurenmu ne da ba mu sa shi tun farko ba.

Ko bayan wannan, shasin bai iya juyawa da daɗi ba. Robo irin wannan ba shi da sitiyari, juyawarsa ita ce tayoyin dama su yi gaba na hagu su yi baya. Idan tazarar tayar gaba da ta baya ta yi yawa, sai tayoyin sun goga ƙasa ta gefe kafin jiki ya juya. Namu sai ya riƙa karkarwa yana tsalle kamar jakin da ya ƙi tafiya, batir kuma yana zuba.

Gardamar mekanum da shasi na biyu

A nan aka rabu gida biyu. Manyan ɗalibai sun ga bidiyon tayar mekanum a waya, wadda injiniyan Suwidin Bengt Ilon ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1970. Ƙananan gangaye ne jere a karkace a bakin tayar, shi ya sa robo ke iya tafiya gefe kamar ƙaguwa ba tare da ya juya ba. Abin sha'awa ne, ban musa ba. Sai dai tana son inji huɗu, kowace taya da nata, tana son fili mai tsabta, kuma a lokacin ko da kuɗinmu ba mu da hanyar samunta. Aka bar zancen, ba don kowa ya gamsu ba.

Na biyun katako ne, taya biyu masu inji, da tayar kujerar ofis a gaba. Yana juyawa kamar katantanwa, amma tsakuwa ɗaya ta isa ta karkatar da shi, kuma bai taɓa hawa 'yar gangarar da ke tsakiyar fili ba. Mako biyu ya yi.

Na uku, wanda muke da shi yanzu

Alminiyum muka samo wurin masu haɗa tagogi, ragowar da suka yanke. Ba walda ko ɗaya, noti ne duka, don in wani abu ya karkace a kwance a gyara. Tayoyi shida, uku kowane gefe, kafinta ya yanko su daga katako masu faɗin santimita 12, muka naɗa musu tsohuwar tayar keke. Sirrin yana tayar tsakiya: an sauke raminta ƙasa da na sauran da milimita 3. Ba dabararmu ba ce, ƙungiyoyin gasa sun daɗe suna yi. Robon yana ɗan rangaji, a kowane lokaci taya huɗu ne kawai ke ɗauke da nauyi, ta tsakiya da ta gaba ko ta tsakiya da ta baya. Tazarar da ke goga ƙasa ta ragu da rabi ke nan, juyawa ta yi laushi, ga kuma taya shida na kama gangara.

Milimita 3 a baki ba komai ba ce, a hannu kuwa ta ci mana sanduna biyu. Da farko kowane gefe daban aka huda, ramuka suka ƙi haɗuwa. Daga baya muka haɗe sandunan gefe wuri ɗaya muka matse, aka ɗiga alama da ƙusa, aka huda su tare. Wanda zai gaji aikin nan ya riƙe wannan.

Lissafin gudu yara ne suka yi, kuma shi ya fi faranta mini rai a duk shekarar. Suka shafa alli a bakin injin, suka kunna agogon waya, suka ƙirga juyi wajen 50 a minti. Kewayen tayar santimita 12 ya kusa santimita 38, wato robon zai ci kamar santimita 31 a daƙiƙa, ya ƙetare fili cikin daƙiƙa 12. Ya yi sanyi. Suka je wurin mai gyaran keke suka samo faranti mai haƙora 28 suka ɗaura a inji, mai haƙora 14 a taya, sarƙar keke ta haɗa su. Gudu ya ninka, ƙarfin turi ya ragu da rabi, ƙetare fili ya dawo daƙiƙa 6. Wani ya ce a ƙara. Muka gwada, robon ya kasa tura buhun yashin da muke gwaji da shi, muka dawo kan 28 da 14. Ramin ɗaure injin dogo muka yi shi, don a riƙa ja ana ɗame sarƙa in ta saki. Batir kuma, na babur ne, a ƙasa can tsakiya yake zaune, tun ranar da muka ɗora shi sama robon ya kifa a gangara.

Notuna sun dame mu da kwancewa saboda girgiza. Wata ɗaliba 'yar ƙaramin aji ta zo da kwalbar jan farcen yayarta ta ce wa malami, "Mushe, a ɗiga wannan a kai." Samari suka yi dariya. Aka ɗiga, ya bushe, noti ya zauna, kuma duk wanda ya motsa ana gani don fentin ya tsage. Yanzu kwalbar tana cikin akwatin kayan aiki, kuma an biya yayar.

Saura matsala guda da ba mu gama da ita ba. Robon yana jan hagu. Dalili shi ne injinan biyu suna kallon juna, idan robo na tafiya gaba ɗaya yana juyinsa na asali ɗaya yana juyin baya, injin share gilashi kuwa gudunsa ta ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ne. Masu rubuta umarni sun rage wa mai saurin wuta a cikin Arduino, inda ƙarfin ke tashi daga 0 zuwa 255. Yana miƙewa in batir na cike, in ya fara sanyi sai halin ya dawo. Maganin gaskiya shi ne na'urar ƙirga juyin taya a kowane gefe.

Gasa da sauran ayyuka

An gama shasin ana cikin azumi, matuƙa suka samu tun daga bayan ƙaramar salla suna atisaye. A gasar da muka yi a watan Mayu, kafin masu BEPC da BAC su shiga jarrabawa, mun kai wasan ƙarshe muka faɗi. Ƙafafu ba su tsaya ko sau ɗaya ba, sarƙa ba ta zame ba. Hannun ɗaukar kaya ne ya ba mu kunya, don a mako biyun ƙarshe aka haɗa shi, ba a fafe gora ranar tafiya. Muna taya makarantar da ta yi nasara murna, hannunsu ya fi namu nesa ba kusa ba.

Darussan Asabar sun gudana, ban da makonnin da rashin wuta ya sa muka koma zane a allo. 'Yan mata sun ƙaru, kuma su suka riƙe littafin aune-aune, wanda ba don shi ba da rabin lambobin da ke rahoton nan sun ɓace. Ziyarar da muka yi niyyar kaiwa Jami'ar André Salifou ba ta yiwu ba, laifin jadawalinmu ne, mun ɗage ta zuwa bana. Damina kuma ta zo da ƙarfi, har tsohon masallacin Birni da aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19 ya rushe a farkon Satumba. Ɗakin ajiyarmu ya yi yoyo, amma an kwashe kaya a kan lokaci, sai tayoyin katako biyu da suka kumbura. Allah ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri.

Abin da kwamiti ke kawowa gaban taro

Tunda hanya ta buɗe, masu son mekanum sun dawo da zancensu. Kwamiti na ba da shawarar a bar shasin nan yadda yake shekara guda, kuma ni ma ra'ayina ke nan. Kuɗin tayoyi huɗu da injina huɗu ya isa ya saya mana na'urar ƙirga juyi, da batir na biyu, da kayan hannu, har da canji. In taro ya ga akasin haka, to a ƙera na mekanum daban, kada a kwance wanda ke tafiya.

Muna neman a zaɓi mutum biyu da za su riƙe aikin hannu tun watan Nuwamba, da ɗaya da zai zana shasin a takarda da ma'auninsa, don waɗanda suka huda shi sun gama lise za su tafi. Duk mai mataccen injin share gilashi ko tsohuwar sarƙar keke a gida, ya taho da su. Taro ranar Asabar ne bayan la'asar, a ajin da muka saba, kuma wanda makullin akwatin kaya ke hannunsa ya zo da wuri.

Magatakardan ƙungiya
Damagaram, Oktoba 2024