Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 ga Mambobi

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi, iyaye da malamai.

Rahoton bana ya makara, kuma ba sai na faɗi dalili ba. Ma'aji bai rufe littafinsa ba sai makon jiya, yana ta jiran masu "zan turo gobe in Allah ya kai mu".

An yi taron wata-wata, in ban da na watan azumi.

Abin da ya wanke mana fuska a bana shi ne gwajin idon da muka yi ranar Alhamis, 10 ga Oktoba, wato Ranar Gani ta Duniya, wadda aka mayar da hankalinta a wannan karon kan idon yara. Tun da hantsi harabar makarantar ta cika. Likitocin ido biyu sun zo ba su karɓi ko sisi ba, Allah ya saka musu. Aka rataye allon haruffa a nisan mita 6, 'yan ƙanana da ba su iya karatu ba kuma aka sa musu allon harafin E, suna nuna inda ƙafafunsa suka fuskanta da yatsu, ana ta dariya.

Sai dai likita ta ce allon nan kaɗai ba ya isa, ta kuma nuna mana a gaban idonmu. Wani yaro ɗan aji huɗu ya karanta har layin 6/6, wato layin da ido mai lafiya ke iya gani daga wannan nisan, tiryan-tiryan. Da ta ɗauki fensir tana matso da shi wajen hancinsa a hankali, tun bai zo kusa ba ido ɗaya ya zame waje. Idanunsa ba sa haɗa kai a kan abin da ke kusa. Shi ya sa in ya buɗe littafi rubutu ke rabewa biyu, ya tsallake layi, ya kwanta a kan benci ya rufe ido ɗaya da hannu, can anjima ya ce kansa na ciwo. Yaron nan an daɗe ana ce masa malalaci, ya sha bulala a kan rashin natsuwa. Malaminsa yana tsaye a wurin, ya yi shiru ya kasa cewa komai. Ni kaina sai da na tuna yaran da na yi wa irin wannan hukunci.

Malamin wasanni ma ya kawo nasa: yaron da kullum ake bari a baya in ana raba 'yan ƙwallo, domin in an cilla masa sai ya kama iska. Da aka rufe masa idon dama, na hagu da ƙyar yake ganin manyan haruffa. Auna nisan abu da saurinsa aikin ido biyu ne tare, shi kuwa ƙwaƙwalwarsa ta daɗe da jingine ido ɗaya. Maganinsa tabarau ne da rufe ido mai lafiya na wasu awoyi kullum, kuma ya fi ci in an fara kafin yaro ya wuce shekara 7. Masu harara-garke da sauran waɗanda lamarinsu ya fi ƙarfinmu an rubuta musu takarda zuwa asibitin ido na ECWA da ke Kano.

To, sai abin da ba a yi ba, tunda na ji ana ta ƙananan maganganu.

Ba duk yaran da aka rubuta wa tabarau muka saya wa ba. Kuɗin da muka ware a farkon shekara, kafin Oktoba farashi ya riga ya tsere masa, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Makaranta ta biyu da muka yi wa alƙawari ba mu je ba. Kuɗin motar da za ta ɗauko likitoci babu shi a asusu, ni kuma na gaji da cikawa daga aljihuna. Takardar alamomin matsalar ido da za a raba wa malamai tana nan a kwamfuta, ba a buga ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne atisayen ido. Matan ƙungiya sun zauna sun haɗa zare mai duwatsu uku-uku da likita ta koya mana, ba a kashe wani abin kirki ba. Amma atisayen sai an bi yaro makonni ana dubawa. Ranar da aka nemi masu sa kai hannuwa sun tashi da yawa, ranar Asabar ɗin farko mu uku muka tsinci kanmu a aji. Zarurrukan suna cikin kabad har yau. Wasu iyayen kuma sun karɓi tabarau sun ɓoye, wai yana ƙara lalata idon yaro. Ba ya lalatawa, kuma da muna da masu zagaya gidaje da an shawo kansu.

Masu turo "Masha Allah" a WhatsApp duk lokacin da aka sa hoto, mun gode, amma mai shagon tabarau ba ya karɓar wannan. Kwamiti ya yanke cewa a taro mai zuwa za a karanta sunan duk wanda ake bin bashin kuɗin wata-wata. Wanda yake cikin wani hali ya samu ma'aji a keɓe kafin ranar, ba wanda zai ji. Muna kuma neman mutum huɗu da za su riƙe atisayen Asabar daga zangon karatu mai zuwa, a ba ni suna kafin ƙarshen wata.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya