Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 Ga Mambobi: Bashi, Tallafi da Sauyin Ƙa'ida

Assalamu alaikum shugabanni, dattawa da 'yan uwa mambobi.

Kamar yadda tsarin ƙungiyarmu ta masu kamfanonin sadarwa a karkara ya tanada, ga bayanin abin da kwamitin zartarwa ya gudanar a bana. Kusan duk zaman da muka yi ya koma kan magana ɗaya. Wanda ya binne kebul ɗin faiba mai ɗaukar intanet ko ya kafa hasumiyar sadarwa a ƙauye yakan ci bashin da zai shekara goma sha biyar ko ashirin yana biya, alhali tallafin da ya jingina da shi, da ƙa'idar da aka ba shi lasisi a kanta, suna iya sauyawa a zama ɗaya na hukuma ko hukunci ɗaya na kotu. Banki kuwa ba ruwansa da wannan.

An ɗora wa kwamitin dokoki bibiyar ƙasashen da suka daɗe da asusun tallafa wa sadarwar karkara, ya kuma fi mai da hankali kan Amurka, domin a can abubuwa suka fi bayyana. Asusun nasu, wanda dokar sadarwa ta 1996 ta tsara, ya shafe kusan shekara guda cikin rashin tabbas: a Yulin 2024 wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce yadda ake tara kuɗinsa ya saɓa wa kundin tsarin mulki, sai a Yunin 2025 Kotun Ƙoli ta soke wannan hukunci da rinjayen alƙalai 6 a kan 3. Asusun ya tsira, amma kwamitin ya ja hankalinmu ga ciwon da kotu ba ta taɓa ba. Ana karɓar kuɗin ne daga kuɗin shigar da kamfanonin waya ke samu a kiran waya na nesa da makamantansa, kasuwar da take ƙanƙancewa kullum tun da mutane suka koma kira ta intanet. Shi ya sa kason da ake cira ya haura kashi 30 cikin 100. Kowa a cikinmu ya duba asusun da yake dogara da shi, ya tambaya daga ina kuɗinsa ke fitowa.

Misali na biyu ya fi ɗaga mana hankali. Shirin ACP, tallafin gwamnatin Amurka ga gidaje masu ƙaramin ƙarfi, ya riƙa rage wa gida dala 30 a wata a kuɗin intanet, gidaje sama da miliyan 23 suka shiga, sai kuɗinsa ya ƙare a tsakiyar 2024 ba tare da majalisa ta ƙara ba. Babban kamfani yana iya shanye irin wannan asara da cinikin birni. Ƙaramin kamfanin da abokan cinikinsa manoma ne warwatse a nisan kilomitoci ba shi da inda zai cike giɓin.

Haka ma batun kayan aiki. Da aka umarci kamfanonin da ke karɓar tallafi su cire na'urorin kamfanonin China na Huawei da ZTE, dala biliyan 1.9 aka ware, buƙatun da aka amince da su kuwa sun kusa biliyan 5. Sai a Disambar 2024 majalisa ta yarda da ƙarin kusan biliyan 3. Masu ƙananan kamfanoni sun sayi kayan ne lokacin da doka ba ta hana ba, kuma don araharsu. Shirin BEAD na kai intanet mai sauri inda babu, mai dala biliyan 42.45, shi ma an sake masa ƙa'ida a Yunin 2025, aka janye fifikon da aka ba faiba, ƙofa ta ƙara buɗewa ga masu tauraron ɗan Adam irin su Starlink.

Da waɗannan darussa kwamitin kuɗi ya shirya bitar da mambobi suka zo da littattafan asusunsu. An ce kowa ya lissafa halin da zai shiga in tallafi ya yi jinkirin wata shida, ko kuɗin ruwa ya tashi, ko darajar kuɗin da abokan ciniki ke biya da shi ta faɗi alhali kayan gyara da dala ake sayo su. Da yawa sun tarar cewa jinkirin tallafi kaɗai ya isa ya sa su karya sharaɗin rance. A ganin kwamitin zartarwa, wannan bita ita ce aiki mafi amfani da muka yi a bana, duk da cewa wasu sun ƙi buɗe littafinsu a gaban abokan gasa. Mun fahimce su, za a yi musu zama na daban.

Mun kuma miƙa wa hukumar kula da sadarwa takardar ra'ayi, muna neman a riƙa ba da wa'adi mai isa kafin sabuwar ƙa'ida ta fara aiki, a kuma sassauta yawan rahotannin da ake nema. Kamfani mai ma'aikata 'yan kaɗan yana cika fom iri ɗaya da mai sashen lauyoyi, kuma tarar kuskure ɗaya ce. Muna jiran amsa.

Shirin sayen kaya a haɗe bai kankama ba, saboda mambobi ba su daidaita kan irin na'urar da za a saya ba. Maganar inshorar yankewar kebul da satar batura tana hannun kwamitin kuɗi.

A babban taro mai zuwa za a kaɗa ƙuri'a kan shawarwari biyu: kada ƙungiya ta tsaya wa mamba a neman rance sai lissafinsa ya nuna zai iya biya ko da tallafi ya tsaya na wata shida, sannan a buɗe asusun ko-ta-kwana da za a riƙa ba mamba aro daga ciki idan kuɗin gwamnati ya makara. Ma'aji zai gabatar da bayanin shiga da fitar kuɗi a ranar. Waɗanda ba su biya kuɗin ƙungiya na bana ba su daure su biya kafin taro, domin ƙa'ida ba ta ba mai bashi damar jefa ƙuri'a ba.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa