Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban TETFund, Akitek Sonny Echono, kan zanen laburaren tsangayar lauya

Ranka ya daɗe, barka da aiki.

Na zaɓi in rubuto maka ne saboda kai akitek ne, wato mai zanen gine-gine, tun kafin ka zama babban sakatare a ma'aikatar ilimi, kuma tun 2022 kake riƙe da wannan asusu da ke gina wa jami'o'inmu ɗakunan karatu da harajin kamfanoni, to maganar zane ba sai an yi maka dogon bayani ba.

Ni lauya ne, shekara 5 na yi a tsangayar shari'a ta wata jami'a a nan arewa, ba zan kama suna ba. Laburarenmu idan ka hango shi daga bakin titi sai ka ce banki ne, gilashi tun daga ƙasa har sama, kuma gaban nan yamma yake kallo. Da an yi azahar a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wallahi ciki ya zama tanda, tagogin ba sa buɗuwa don an zana ginin ne da tunanin esi zai yi ta aiki dare da rana, NEPA kuwa ka san hali, janareta kuma sai an samu dizal. Haka za ka ga ɗalibai sun kwashi littafi sun koma gindin darbejiya, gini na nan a tsaye ba kowa ciki.

Karatun lauya kuwa na zama ne. Shari'a ɗaya ta Kotun Ƙoli sai ta cinye maka awa uku, ka ɗauko wannan kundi na NWLR, mai tattara hukunce-hukuncen manyan kotunan Najeriya, wanda marigayi Gani Fawehinmi ya fara fitarwa a 1985, ya tura ka wani, shi ma ya tura ka dokokin tarayya na 2004, mu da muka haɗa da shari'ar Musulunci ga kuma littattafan fiƙihun Malikiyya a gefe. Teburi mai faɗi kake so, da haske, da shiru, da iska. Kuma kundayen nan nauyi ne da su, kullum ƙaruwa suke, dole tun a takarda a lissafa abin da daben bene zai iya ɗauka da inda za a ƙara kantoci nan da shekara 20.

Roƙona shi ne duk zanen laburaren da aka kawo ofishinku neman kuɗi, a tambayi mai zanen: ranar da babu wuta, za a iya karatu a ciki? In amsar a'a ce a mayar masa ya gyara. Dogayen tagogi su kalli kudu da arewa, rufi ya yi baki ya ba bango inuwa, bango ya yi kauri, a bar tsakar gida da bishiyoyi iska ta riƙa ratsawa, littattafan kuma a sa su can ciki inda ƙurar hunturu ba za ta ci su ba. Wannan ai ba sabon ilimi ba ne a wurinmu, duk wanda ya taɓa shiga Gidan Makama a Kano da tsakar rana, ko tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina, ya san sanyin da katangar ƙasa da soro mai tsayi ke riƙewa. Can Amurka ma, jami'ar Michigan da za ta faɗaɗa laburaren lauyoyinta a 1981 ƙarƙashin ƙasa ta shiga, amma sai da mai zanen ya yanka hanyar da hasken rana zai sauka har ƙasa. Su sun yi wa yanayinsu dabara, mu me ya sa za mu kwaso gilashin ƙasar sanyi?

Na san za a ce yanzu komai na intanet ne, akwai LawPavilion, manhajar da lauyoyi ke binciken hukunce-hukunce da dokoki a ciki. Gaskiya ne, sai dai kwamfuta ma wuta take ci, don haka a sa sola da soket a kowane teburi tun a cikin zane, kar a zo ana fasa bango daga baya.

Sai matakala. Akwai ɗan ajinmu mai keken guragu da sai mun ɗauke shi mu huɗu mu haura da shi bene, a ginin da ake koyar da dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019. Har yau in na tuna fuskarsa muna ɗauke da shi raina ɓaci yake. Don Allah ranka ya daɗe, kar a sake sa hannu a zanen da babu gangaren keke.

Na gode, Allah ya taimake ka.
Wani lauya daga arewa