Ƙofar binciken lafiyar al'umma a buɗe take ga wanda ba likita ba

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana da ɗaliban da suka kammala digirin farko, suke sha'awar karatun kiwon lafiyar al'umma da nazarin yaɗuwar cututtuka, amma suke ja da baya saboda an ce musu fagen na likitoci ne kaɗai. Wannan zance ba shi da tushe. Austin Bradford Hill, wanda shi da Richard Doll suka wallafa binciken 1950 a Ingila da ya danganta shan taba sigari da ciwon dajin huhu, bai karanta likitanci ba, domin tarin fuka ya hana shi. Tattalin arziki ya karanta, daga baya ya ƙware a ƙididdiga, kuma shi ne ya tsara gwajin maganin tarin fukan da aka buga sakamakonsa a 1948, inda aka raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a.

Abin da wannan hanya take nema daga ɗalibin digiri na biyu shi ne haƙuri da alƙaluma, kuma a nan ne da yawa suke gazawa. Ɗalibi zai sha rana yana cike takardun tambayoyi gida-gida, amma idan lokacin tantance bayanai ya zo sai ya miƙa wa wani ya sarrafa masa a kwamfuta, ya karɓi jadawali ya liƙa a kundinsa. Wanda ya yi haka ba zai ga layin da aka rubuta shekarun mace 230 maimakon 23 ba, ba zai kuma gane cewa an ƙirga mara lafiya ɗaya sau biyu saboda an rubuta sunansa iri biyu ba. Irin waɗannan kurakurai su ne suke sa a ce cuta ta ƙaru alhali ba ta ƙaru ba, ko a ɗora laifi a kan rijiyar da ba ta da laifi, a bar wadda take kashe mutane.

Saboda haka nake kira ga malaman da suke duba ayyukan ɗalibai da kada su sa hannu a kan kundi sai ɗalibin ya zauna a gabansu ya buɗe bayanansa, ya faɗi mutum nawa suka kamu cikin mutum nawa, a wane lokaci, kuma da su wa ya kwatanta su.

Naka,
Wani mai karatu