Wasiƙa zuwa Damagaram kan kofaton tsohon akawal

Assalamu alaikum, Alhaji.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da su Hajiya da yara. Saƙonka ya iso, na kuma zauna na duba hotunan ƙafafun akawal, baƙin dokin nan naka, ɗaya bayan ɗaya. Ka ce shekararsa 19, takalmi ba ya mako uku a ƙafarsa, tuntuɓe ya yi masa yawa, har kana shawarar sauya maƙeri. Don Allah ka dakata tukuna, domin abin da na gani ya wuce laifin guduma.

Kofato daga sama yake tsirowa, daga inda gashi ya ƙare. A wata yakan ƙaru da milimita 6 zuwa 10, kuma abin da ya tsiro yau ta gaba sai ya yi wata 9 zuwa shekara kafin ya taɓa ƙasa. Idan doki ya tsufa tsiron yana ja baya. Shi ya sa ramin tsohuwar ƙusa bai gama sauka ba ake zuwa a buga sabuwa a gefensa, yau da gobe bangon kofaton ya koma kamar rariya, ƙusa ta rasa inda za ta kama.

Sai kuma siffa. Ka tsayar da shi a daɓe wanda yake baiɗaya, ka tsuguna daga gefe ka duba. Gaɓar da ke saman kofato da gaban kofaton ya kamata su sauko a layi guda, ƙafar gaba tana kusan digiri 50 zuwa 55 da ƙasa. A naka layin ya karye: bakin kofaton ya yi tsawo ya miƙe gaba, dunduniya ta kwanta ta shige ƙarƙashi. Irin wannan ƙafa takan makara wajen barin ƙasa, jijiyar baya ta sha ja a kowane taku, bakin ya riƙa kama ƙasa. Tuntuɓen ke nan. Kuma saboda ƙafar gaba ta makara, ta baya takan riske ta ta taka ƙarshen takalmin ta fizge shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne zobban da ke kewaye da kofaton gaba. Duba su da kyau: ta gaba sun matsu, ta dunduniya sun buɗe. Wannan tabon kumburin cikin kofato ne. A ciki ƙashin ƙarshe rataye yake a jikin bango, wasu siraran ganyayyakin nama ne ke riƙe da shi, sun shiga juna kamar shafukan littafi biyu da aka cusa. In suka kumbura sai riƙon ya saki, tsinin ƙashin ya sunkuya ya danno tafi. Ɗaga ƙafar ka gani: in tafin ya baje, ko ya turo waje maimakon ya lotsa ciki, farin layin da ke tsakanin tafi da bango kuma ya yi faɗi yana cin ƙasa da tsakuwa, to shi ne. Lokacin da ciwon ke tashe za ka ji kofaton da zafi, jijiyar jini ta bayan idon sawu tana bugawa da ƙarfi a yatsanka, dokin ya miƙa ƙafafun gaba ya jingina nauyinsa baya, juyawa kuma ta zame masa wahala.

A tsohon doki sau da yawa tushen abin yana can ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, a wata ƙaramar halitta mai sarrafa sinadaran jiki da kan rikice da tsufa. Kusan ɗaya cikin biyar na dawakin da suka haura shekara 15 suna da wannan. Alamarsa gashi ya yi tsawo ya ƙi zuba ko a tsakiyar bazara, yawan shan ruwa da fitsari, gadon baya ya rame ciki ya zazzago. Likitan dabbobi yakan auna wani sinadari mai suna ACTH a jini, in ya tabbata ya ɗora shi kan maganin pergolide kullum. In akwai halin hoton ƙashi a yi, domin shi ne zai nuna kaurin tafin, wanda ake so ya kai kamar milimita 15. Abinci kuwa, a rage masa gero da dawa sosai. Ɗurin hatsin nan da ake yi wa dawaki gabanin hawan Sallah don su cika ido, ga irin akawal guba ne, haka ma sakin sa cikin ɗanyar ciyawar farkon damina. Busasshiyar ciyawa da harawa daidai gwargwado sun fi masa, a duba haƙoransa kuma ko yana iya tauna su.

Gyaran kofaton kaɗan-kaɗan za a riƙa yi, duk mako 4 zuwa 5, magagari ya fi wuƙa aiki. A ja bakin baya ta hanyar goge shi daga gaba, a dunƙule gefensa don ƙafa ta riƙa mirginawa da sauƙi. Tafi kam a ƙyale shi, abin da ya ruɓe ko ya ɓamɓaro da kansa kawai za a cire, haka tsokar nan mai kusurwa uku ta tsakiya. Dunduniyar da ta kwanta ana goge murƙushen a hankali har a dawo da mataki baya. Wanda ya nemi ya miƙe ta rana ɗaya zai bar maka doki yana ɗingishi.

Ni a ganina a cire takalman gaba ɗaya na wata uku ko huɗu. Ƙasarku rairayi ce, ba abin da zai cinye kofaton, ramukan ƙusa kuma su samu su sauka. In ciwon na tashe ma ba a buga ƙusa sam, sai a tsayar da shi a rairayi mai zurfi. Idan ya warware har za a hau shi kan kwalta, a sa takalmin mako biyu kafin hawa, kada a bari sai jajibere. A zaɓi mara nauyi mai faɗi, a rarake gefen ciki don kada ya danne tafi, a lanƙwasa bakinsa sama kaɗan, ƙarshensa ya tallafi dunduniya sosai. Ƙusa ƙanana, 4 zuwa 6, kada ko ɗaya ta wuce inda kofato ya fi faɗi zuwa baya, domin wajen nan yana buɗewa yana rufewa a kowane taku. In ya soma ɗingishi kwana ɗaya zuwa uku bayan aikin, ƙusa ta matse nama ko ta soke shi. A zare ta, a jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi da gishiri minti 15 safe da yamma, a ɗiga aidin a ramin, a yi masa allurar titanus ba tare da jinkiri ba.

Ka ce yana fizge ƙafa in maƙeri ya ɗaga. Wannan ba taurin kai ba ne, Alhaji, sanyin gaɓɓai ne, kada a bari yaran barga su dake shi. A zaga da shi minti 10 kafin a fara, a tsayar da shi kusa da bango, a riƙe ƙafar ƙasa-ƙasa ba a ja ta gefe ba, a sauke ta duk bayan minti ɗaya ko biyu. In abin ya yi tsanani likita na iya ba shi maganin ciwo kafin ranar aiki.

Da damina a riƙa kwashe kashi da jiƙaƙƙiyar ƙasa daga gindin turke, a sakace tafin kullum. Baƙin ruwa mai wari a kwarin tsakiya ruɓa ce, aidin yana kashe ta. Da hunturu kuma kada a shafa masa baƙin man inji don tsagewa.

Ka sake turo mini hoton kowace ƙafa, ɗaya daga gefe da wayar a ƙasa, ɗaya na tafin bayan an wanke, ka faɗa mini mudu nawa na hatsi yake ci a rana. A gaida mutanen gida duka.

Wassalam,
Naka amini, daga Katsina.