Rahoton Ayyukan Shekara: Abin da Muka Yi Kan Basussukan 'Yan Ƙungiya a Makka da Jidda

Assalamu alaikum iyayenmu dattawa, alhazai da hajiyoyi, da sauran 'yan uwa 'yan kasuwa.

Zumunci ya gudana kamar yadda aka saba: an je gaisuwar rasuwa, an duba marasa lafiya, an yi buɗa-baki tare da azumi. Bayanin asusu yana wurin ma'aji. Amma abin da ya ci mana shekarar nan shi ne bashi, don haka a kansa zan tsaya.

Ƙorafin da ya fi zuwa gaban kwamitin sulhu iri ɗaya ne. Baƙo ya zo Umara ko aikin Hajji, ya sauka shagon ɗan uwa a Shara Mansur ta Makka ko Balad ta Jidda, ya ɗebi abaya da jallabiya da turare da dabino, ya ce idan ya isa Kano zai turo. Ba rubutu, ba shaida, sai "ai mun san juna tun a gida". Daga baya waya ta daina shiga. Ba duka ne macuta ba, gaskiya. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 kowace dala, ita kuwa naira tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ta faɗi, dala ɗaya ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya ɗauki kaya ya sayar da naira, ranar biya sai ya tarar uwar kuɗin ma ba ta dawo ba. Irin waɗannan mun bi umarnin aya ta 280 a Suratul Baƙara, an ɗaga musu ƙafa, ana karɓa kaɗan-kaɗan ta hannun dattawan kasuwarsu a gida.

Masu taurin bashi kuwa, waɗanda suna da shi suka ƙi biya, su ne hadisi ya kira jinkirinsu zalunci. Nan muka ga amfanin takarda. Ɗan uwan da ya sa mai cin bashi ya amince da sanad li amr, wato takardar alƙawarin biyan bashi, ta manhajar Nafith da ake rajistar irin wannan takarda, bai sha dogon shari'a ba: ya shigar da buƙata ta Najiz, shafin Ma'aikatar Shari'a ta Saudiyya, zuwa kotun zartarwa, kuma doka ta ba mutum kwana 5 bayan sanarwa, in bai biya ba a hana shi fita ƙasar, a bi dukiyarsa. Wanda ba shi da komai sai saƙon murya a WhatsApp, sai dai mu yi ta aike ana roƙo. A lura kuma, hannun kotun nan bai kai Kantin Kwari ba. Shi ya sa muka nace sai baƙo ya kawo wanda zai tsaya masa, mazaunin nan mai igama, wato katin izinin zama.

Akwai abin da ba ma son faɗa a fili, amma dole. Wasunmu sun kasa kai ƙara ne saboda shagon ba da sunansu yake ba. Wannan shi ne tasattur, hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Mai cin bashin ya san haka, shi ya sa yake barci lafiya. Kwamiti ba zai iya ƙwato wa mutum haƙƙin da shi kansa yake tsoron ambata ba.

Ga masu rajistar haraji kuma, tun Yulin 2020 harajin kaya ya koma kashi 15 cikin 100, kuma a ƙa'ida yana hawa kanka da zarar ka yanke fatura, wato takardar shaidar ciniki, ko an biya ka ko ba a biya ba.

Babban taro ya amince cewa daga yanzu kowane bashi a rubuta shi da riyal, da ranar biya, da shaidu biyu, kamar yadda aya ta 282 ta ce, kuma a karɓi kafin alƙalami. Wasu dattawa sun ce da kunya a sa aboki ya sa hannu. Mun ji, amma bana mun zauna sulhu tsakanin surukai da suka daina gaisawa a kan katan ɗin turare.

Masu tsofaffin basussuka su zo da littattafan shago zama na gaba, bayan sallar Isha'i a inda muka saba. Hajiyoyi masu sayar da abinci da lalle su miƙa nasu ga shugabar mata.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya