A kare kifin Tiga da ke can bayan duwatsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini, in ja hankalin hukuma da iyayen ƙasa kan wani abu da ke damuna game da madatsar ruwa ta Tiga.

Mafi yawan mutane gaban Tiga kawai suka sani, wato wajen bangon dam ɗin da inda masu saye da sayar da kifi ke taruwa. Amma ruwan nan da aka tare a kan Kogin Kano tsakanin 1971 zuwa 1974, zamanin marigayi Gwamna Audu Bako, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 178. Yana da lunguna da yawa da suka kurɗa tsakanin duwatsu, har zuwa kudu inda kogin ke fitowa daga dajin Falgore. Wasu daga cikinsu mota ba ta zuwa, babur ma sai ya ajiye ka a wani wuri ka ƙarasa da ƙafa.

A ranin da ya wuce ni da wasu abokaina masu sha'awar fatsa muka bi ta ɓangaren Rurum a ƙasar Rano, domin mu ga ko akwai wurin kamu mai kyau a can ciki. Bayan asuba muka kama hanya, kowa da gorar ruwansa da gwangwanin tana, wani manomi ɗan yankin yana gaba. Hawan ba na wasa ba ne. Dutse ya yi santsi a wasu wuraren, ƙaya na kama riga, ga zafi tun hantsi. Amma da muka kai ƙololuwa muka hango ruwan shimfiɗe a ƙasa, babu ƙarar inji, sai belbela da kwalekwale ɗaya can nesa, gajiyar ta tafi. Kifi kuwa akwai shi. Mun kama karfasa masu faɗin tafin hannu biyu, da kurungu, da tarwaɗa irin wadda rabon da in ganta a kasuwar garinmu har na manta.

Wani dattijon masunci da muka tarar yana gyaran birginsa, wato ragarsa ta kamun kifi, ya karɓe mu hannu bibbiyu. Na ce, “Baba, yaya aka yi naku kifin ya fi na gaba girma?” Ya ce, “Ɗana, nisa ne kawai ya tsare mana shi.” Daga nan ya kai mu wani gefe ya nuna mana yagaggen gidan sauro da wasu baƙi suka ja a ruwan suka yar. Wallahi raina ya ɓaci. Gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi, shi ne ake tace ruwa da shi. Idonsa ƙanana ne ƙwarai, ba ya barin ko ɗan kifin da bai kai yatsa ba. Ya kuma ce sun taɓa wayar gari suka ga kifi birjik ya taso cikinsa sama, alamar an zuba guba da dare. Irin wannan kifin ai kasuwa ake kai shi, mu da iyalanmu mu ci.

Wanda ya san halin kifi ya san girman ɓarnar. Uwar karfasa a bakinta take riƙe ƙwai har su ƙyanƙyashe, don haka idan ka kama ta a wannan lokaci ka hallaka ɗaruruwa a tashi guda. Ita kuwa tarwaɗa sai farkon damina, idan ruwa ya hau cikin ciyawa, take shiga ta zuba ƙwai. Waɗannan lungunan na bayan dutse, masu ciyawa da kututtura, nan ne gidan haihuwar kifin da masunta ke kamawa a sauran sassan ruwan. Da rani kuma, idan aka saki ruwa don noman Kadawa da Kura da Bunkure, ruwan lungunan yakan ja baya, kifi ya taru a wuri kaɗan, mai mugun taru ya kwashe shi cikin sauƙi.

Saboda haka ina roƙon Gwamnatin Jihar Kano da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are su zauna da sarakunan ruwa da dagatan garuruwan da ke kewaye da Tiga. A tsayar da girman idon raga, a keɓe wasu lunguna da za a hana kamu a cikinsu daga saukar damina har kifi ya gama haihuwa, kuma a ba Sarkin Ruwa goyon bayan da zai iya ƙwace kayan mai laifi ba tare da tsoro ba. Su ne kullum a bakin ruwan, sun san baƙo sun san ɗan gida.

'Yan'uwana matasa da suka fara sha'awar irin wannan tafiya, ina murna da ku, domin ƙasarmu ce kuma ta cancanci a san ta. Amma ku fara isa wurin mai gari ku gabatar da kanku, ku nemi ɗan jagora, kada ku kusanci ɓangaren Falgore sai da izinin jami'an tsaro. Ku guji wanka a gefen da ruwa ya kwanta saboda tsargiya. Ƙaramin kifi idan ya kama ƙugiya, a cire shi a hankali a mayar, ledoji da zaren fatsa kuma a dawo da su gida.

Na gode, Edita. Allah ya ƙara wa wannan jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karatu daga ƙasar Rano, Jihar Kano